Na Tuge Gorar, Kuma Ba Inda Za Ni

Zuwa ga ɗana Abba, a Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda uba ke yi wa ɗan da ya fi shi karatu, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina biyu. Mu nan Jibiya lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai gwiwata ta hagu, wadda ita ma ta bi sahun masu fushi da ni.

Mako bakwai ke nan ina kiran wayarka, ta yi ta kuka har ta gaji ta yi shiru. Ƙanwarka Bilki ta ce min ba ka ɗaukar kirana, amma duk abin da aka rubuta a waya kana karantawa. Shi ya sa na zauna da yatsa ɗaya da ilimina na ɗan aji huɗu, na ce bari in rubuto maka a inda kowa zai gani. In ka ga kuskure ka gyara a zuci. Su kuma masu leƙen takardar da ba tasu ba, bismillah, akwai wurin zama.

Ban manta maganarka ta ƙarshe ba, ranar da Bilki ta tura maka hoton bayan gida fayau babu gora. Ka ce, “Baba, abin da ya rage mana na Inna ke nan, shi ne ka sare.” Ka ƙara da cewa, “Kuma wa ke dasa itace a garin da kowa ke neman hanyar fita?” Daga nan ka kashe waya. Ko sallama ba ka yi ba, kai da aka biya wa kuɗin makaranta don ka koyi ladabi.

To zauna ka ji tarihin gorar nan, don na lura kai da ƙanwarka kun mai da ita wani abin tarihi, saura kaɗan ku fara cire takalmi in za ku wuce ta gabanta.

Kana ɗan shekara shida lokacin. Ina jan babbar mota, in ɗauko goro daga Kurmi, in ratsa nan, in tsallaka boda in sauke a Maraɗi. Wata tafiya da zan yi, innarku ta biyo ni har zaure. Ba ta ce zane ba, ba ta ce sarƙa ba. Cewa ta yi in zo mata da ɗan ayaba guda ɗaya, ta dasa a bakin rariya inda ruwan wanka da na alwala ke fita yana lalacewa a banza. Na buga ƙirji na ce an gama.

Na manta, Abba. Sai da muka baro Kurmi da tafiyar yini guda na tuna. Muka tsaya sallah a bakin wani rafi, na ga gora ta yi duhu a gefe. Na ɗauki adda na haƙo saiwa ɗaya mai ɗan toho, na naɗe a tsumman buhu. Yaron motata na lokacin, Ilu ɗan Magama, wanda yanzu shi ma furfura ta cinye shi, ya ce min, “Maigida, wannan fa ƙarya ce mai tsiro.” Na ce ya rufe min baki.

Na kawo mata na ce irin ayabar Kurmi ce ta musamman, ganyenta sirara ne. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta dasa. Innarku ’yar Daddara ce, ’yar manoma. Kana jin akwai ranar da ba ta san gora ba? Tun a cikin tsumman ta gane. Ta yi ta ba ta ruwa safe da yamma, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Da ta fi tsawon katanga, duk baƙon da ya shigo gidan nan sai ta ja shi bayan ɗaki ta nuna masa, ta ce, “Zo ka ga ayabar direba. Muna nan muna jiran nunarta.”

Shekara ashirin da huɗu tana yi min haka. Har ranar sunan Bilki sai da ta yi, a gaban dangina. In muka yi ’yar hayaniya ba ta ɗaga murya, sai ta ɗauki buta ta nufi bayan ɗaki ta ce za ta je ta ba ƙaryata ruwa. Wannan ita ce gorar da kake yi wa kuka. Ba gadon innarku ba ce, shaidar da ta ajiye ce a kaina, kuma ta ci shari’ar tun tuni.

Na san kai ba haka ka san ta ba. Kai ka san inuwarta, da sarewar da kake yankowa kana hana mu barcin rana, da kejin tsuntsun da ka ɗaure da zaren buhu tsuntsun ya fice ta ƙasa. Ka dai manta cewa daga jikinta ake karyo tsumagiyar da ake zane ka. Ni ban manta ba, ni ke karyowa.

Tun da Allah ya karɓi innarku, shekara uku ke nan, gorar ta rasa mai tsawata mata. Da, ita ke rage ta duk rani, ta ba maƙwabta na rumfa da na shanya. Ni kuwa na kasa taɓa ta, kamar yadda kake so in kasa. Ta cinye bayan gida kaf. Ta fito a gindin murhu. Ta leƙa gidan maƙwabta ta ƙarƙashin katanga ba sallama. Daminar bara na shiga ɗakin innarku in kakkaɓe jerenta, sai na ga haske yana shigowa ta inda ba taga. Bango ya tsage daga ƙasa har azara, hannuna na shiga ciki. Magini ya zo ya tona gindin bangon, ya nuna min saiwoyi sun sarƙe kamar igiyar ɗaurin kaya. Ya ce in zaɓa, ko gorar ko ɗakin, damina ɗaya ta rage.

Na zaɓi ɗakin. In laifi ne, na yi, kuma gobe ma in aka sake tambayata haka zan zaɓa.

Sai dai yadda na yi aikin, nan kam ba ni da bakin kare kaina. Bilki ta ba ka labari a gutsure, bari in ba ka cikakke, tunda duk Jibiya ta riga ta sani.

Na kira Ilu, muka kwana huɗu muna sara, tsofaffi biyu da gatari ɗaya da adda mai giɓi. Muka ware masu kauri muka jingine. Sauran tarkacen, ƙanana da karkatattu, muka tara a filin bayan gida suka yi tsibi ya fi ni tsawo. Da suka sha rana na ce a cinna musu wuta a huta. Shekara talatin ina ratsa dazukan gora a mota, ban taɓa tsayawa na ga an ƙona ta ba. Ban san kowace gaɓa a rufe take da iska a ciki ba.

Bayan la’asar ne. Na ƙyasta ashana, na koma gefe ina gyara hula. Sai na ji tau! Kafin in juya, tau tau tau, ta ko’ina, kamar harbin bindiga.

Abba, ni na kunna wutar nan da hannuna. Ni ne kuma mutum na farko da ya haura katanga. Gwiwar da likita ya ce kada in hau ko matakala da ita, ita ta tsere wa Ilu da tazara mai kyau. Sai da na kai bakin masallaci na tuna ashanar tana cikin aljihuna.

Kafin nan unguwa ta watse. Masu shago sun bar shaguna a buɗe. Mai tsire ya bar tsirensa a wuta. Mata sun fito ba mayafi, wasu sun nufi hanyar boda, wasu sun nufi cikin gari, kowa na kiran sunan nasa. ’Yan banga suka iso a guje, suka kewaye bayan gidanmu, suka tarar da abokin gaba yana ci da wuta shi kaɗai. Babbansu ya dube ni, ya dubi wutar, ya ce, “Baba direba, da ba tsoho ba ne kai, da yau ka kwana a ɗaure.”

Ka yi dariya in kana so, kowa ya yi. Har yau in na wuce majalisa sai wani ya ce tau, su kwashe. Na karɓa, na ci ladan aikina.

Amma akwai abin da ban yi wa dariya ba. Ka tuna Gwaggo Dije, ungozomar da ta yanke maka cibiya? A hanyata ta komowa na same ta zaune cikin kwalbati, takalmi ƙafa ɗaya, ta rungume ƙunshin kaya a ƙirji, numfashi na neman gagararta. Na durƙusa na ce ta yafe min, ni ne, gora ce. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, “Direba, ni fa na gaji da gudu.”

Mai unguwa ya yanke min hukunci: in bi gida gida in ba da haƙuri da bakina. Kwana uku ina yi. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, ni da nake cikin garin. Kusan kowane ɗaki akwai ƙunshi a bayan ƙofa, an ɗaure an ajiye. Katangar da ta faɗi ba a tayar ba. Rufin da ke yoyo an tara masa kwano an bar shi. Wanda ke da ɗan fili a gida ya shuka alayyafo ko yakuwa, abin da za a tsinka kafin wata biyu. Ba wanda ya dasa abin da zai jira. Mutane na kwana a gidajensu kamar masu jiran mota a tasha.

Kuma kada in yi maka ƙarya, wadda na yi wa innarku ta ishe ni. Ni ma ina da tawa jakar. Tun da ka ce ka gyara min ɗaki a Kaduna, mai fanka da banɗaki a ciki, na haɗa kaya na tura ƙarƙashin gado. Niyyata in gyara bangon, in rufe gidan, in taho bayan sallah. Ranar da na gama ba da haƙuri na dawo na jawo jakar nan, na zazzage ta a kan tabarma, na mai da kowace riga inda take. Jakar yanzu ita nake zuba takin awaki a ciki.

Ban ce babu hatsari ba. Mun binne mutane, ka san wasunsu, da wasu kuka yi makarantar allo. Wanda ya tashi ban ga laifinsa ba, kuma kai da ka nema min mafaka Allah ya yi maka albarka. Amma waɗancan na daji sun karɓe mana gonakin nesa, sun karɓe mana hanya, sun karɓe mana barci. Ranar nan na ga sun karɓe har abin da ba su zo sun ɗauka ba, tunda ga gari guda yana gudun itace. To ni akwai abu ɗaya da na hana su. Ba za su sa in zauna a gidana kamar baƙo ba.

Sai na koma kan gorar, don ashe sara ba ya kashe ta. Mako biyu da sarewa ta fito da toho ya fi na da yawa, kamar an yi mata aski. Mako uku muka yi da Ilu muna bin saiwa da diga, in mun ciro wannan ta kai mu ga waccan. Wata har ƙarƙashin gadon innarku. Tafin hannuna ya fashe, bayana ya riƙe, Ilu ya ce tun yana yaron mota nake sa shi wahala a kan ƙaryar nan, a dasa da shi, a tuge da shi. Ranar da muka ciro uwar saiwar, sai da muka sa igiya muka ja mu biyu, muka faɗi tare.

Daga nan na tsallaka Maraɗi wurin wani mai garka da na sani tun ina direba. Na ce ya ba ni itacen da ya fi kowane jan rai. Ya ce dabino. Ya yanko min ’ya’ya daga gindin iyayensu, mata uku, ya ƙara min namiji ɗaya ya ce wannan kado ne, wato kyauta. Ashe dabino ma da mace da namiji, ni da na yi shekara sittin ina buɗa baki da shi ban sani ba. Ya ce in na kula da su, shekara huɗu ko biyar su fara fure. Na ce ko goma ce ina nan.

Na jera su ta gabas, inda gorar ta fi duhu. Na sa gwanda biyar a bin katanga, lemun tsami ɗaya kusa da murhu, da ƙwallon giginya uku can ƙarshen fili. Giginyar kam ba tawa ba ce, ba ma taka ba ce, ta jikokina ce in sun yi furfura. Na kuma dasa kwakwa guda, duk da kowa ya ce ba ta yi a ƙasar nan. Na ce za ta yi don ni. Ta mutu cikin kwana goma sha biyu. Ka ga ba kullum nake da gaskiya ba, ina faɗa da bakina.

A bakin rariya kuwa, daidai ramin da uwar saiwar ta fito, na dasa ayaba. Ta gaske, mai faɗin ganye. Na tambayi mutum uku kafin in yarda, kada a rama min abin da na yi. Da na gama tushe ƙasar na zuba mata ruwa da butar innarku, na ce, ga saƙonki nan, Hajara, na makara da shekara ashirin da bakwai. Ban san na yi maganar a fili ba sai da na ga Ilu ya juya baya yana gyaran digar da ba abin da ya same ta.

Yau ganyenta bakwai. Da safe in iska ta kaɗa, yana taɓa bangon ɗakin, wanda magini ya ɗinke ya shafe, ba ka ko gane inda ya tsage. Jerenta na nan yadda ta bar shi. Wannan shi ne abin da ya rage mana na Inna, Abba, ɗakinta da abin da ta roƙa. Ban sare shi ba. Sai yanzu ma na kawo.

Shekaranjiya Gwaggo Dije ta shigo da sandarta ta zagaya garkar. Ta ce dabino na masu taurin kai ne, ita a ba ta gwanda, mai yi a shekara. Na cire mata ɗaya na bi ta har gida na dasa mata. Na saci kallon bayan ƙofarta. Ƙunshin na nan, ban ce ya tafi ba. Amma tana fitowa kullum da safe da ’yar moɗa tana ba gwandar ruwa, kuma ta sa an kewaye ta da ƙaya.

Saura magana ɗaya, ita ce ma dalilin takardar.

Ban ƙona gorar duka ba. Masu kaurin nan da muka ware, na zaɓi biyu mafi miƙewa na yi tsani. Hawa goma sha biyu, kowane na ɗaure shi da hannuna. Dabinon kuwa bai kai min ƙugu ba. Duk wanda ya shigo ya ga tsani ya fi ɗaki tsawo a gefen itacen da akuya ke iya tsallakewa, sai ya kama ciki don dariya. Ilu ya ce wannan karon na yi gaba da mota na bar kayan a baya. Su yi ta yi.

Mai garkar nan ya koya min abin da suke kira ɗaura wa dabino aure. Macen ba ta haihuwa da kanta yadda ya kamata. In furenta ya tsage, sai mutum ya yanko reshen furen namijin, ya kai ya sa a cikin nata, ya ɗaure da ganye. Ya ce kwanaki kaɗan take jira. In aka makara, shekarar ta tafi a banza, sai wata.

Shekarun farko zan iya daga tsaye, in Allah ya kai mu. Amma dabino sama yake tafiya, ni kuma ƙasa nake yi. Gwiwar nan ta yi gudunta na ƙarshe ranar gora. Akwai shekarar da za ta zo in tsaya a gindi da furen namiji a hannu, in ɗaga kai, in ga ba ni kaiwa. Ilu ya fi ni lalacewa. Ba zan kuma kira ɗan wani ya hau tsanin da aka yi da gorar innarka ba.

Ban ce ka bar aikinka ba. Ban ce ka kwaso iyali ka dawo ba, ka zauna inda yaranka ke barci lafiya. Ɗakin da ka gyara min ka sa baƙi a ciki, zan zo in kwana biyu in sha fanka in komo. Abin da na ce shi ne, akwai tsani a gidan ubanka, an yi shi daidai nauyinka, yana jingine da bangon ɗakin innarka. Ka zo ka gan shi tun kafin a buƙace shi. Ka zo ka yi min faɗan a gabana, in ba ka tabarma a gindin ayaba. Ka riga ka ga abin da mantuwar yini ɗaya ta jawo min, da yawan shekarun da na yi kafin in gyara, kuma wadda zan nuna wa ba ta nan. Kada ka gaje ni a wannan.

Allah ya jiƙan Hajara, ya haskaka makwancinta, ya shayar da ita daga abin da ya fi duk abin da na kasa kawo mata. Allah ya zaunar da garin nan lafiya, ya kwance ƙunshin da ke bayan kowace ƙofa. Allah ya tsare ka a inda kake, ya raya maka zuriya, ya huce maka zuciya a kan tsohonka. Ya ba dabinon nan rai, ya nuna mana furensa muna tare. Amin.

Ranar Juma’a bayan an sauko zan sake kira. Ina da yatsa ɗaya da lokaci mai yawa.

Ni ne mahaifinka,
tsohon direba, ɗan aji huɗu,
mai tsani yana jiran mai hawa.